Bakin Katako

Mahaifina kafinta ne, tun kafin a haife ni yake yi wa makarantun gwamnati benci. 'Yan layinmu suna kiransa Ba-Gyara, don abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa. A kan bencinsa na yi karatu, yau kuma ina koyar da yaran da ke zaune a kan wasu. In ka kifa bencin Baba za ka ga alamarsa a ƙasa, 'yar tauraruwa da yake zanawa da ƙusa mai zafi.

Akwai abu ɗaya da ba ya saɓawa. Duk katakon da ya shigo shagonsa, kafin komai sai ya sa zarto ya datse bakinsa biyu, don a cewarsa daga baki tsagewa take farawa. Guntayen yakan tara a buhu, matan layi su kwasa su hura wuta. Umma takan ce, "Kai dai da da hali, da mu ma ka datse mu." Shi kuma ya ce, "Ke ai kin fi ƙarfin zarto."

Ana nan sai sabuwar doka ta zo: gwamnati ba za ta ƙara sayen kayan katako ba sai na dajin da ake dasa madadin abin da aka sare. Baba bai yi gunaguni ba. Ya san dajin da maigidan da ya koya masa sana'a yake sayo katako a da, yanzu fili ne fetal, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Ya rabu da dillalinsa na shekara da shekaru, ya je wurin masu izini ya sayo mai tsada. Irin wannan katako kuwa, a bakinsa ake buga hatimin shaida. Baba ya ga hatimin, ya ɗauka ado ne na masu sayarwa, ya datse kamar kullum.

Ranar da aka zo duba aikin ina shagon. Wata mata ce daga ma'aikatar gwamnati, mai ladabi, har da rusunawa ta gaishe shi. Ta shafa benci, ta yaba, sannan ta leƙa ƙasa.

"Baba, ina hatimin?"

Ya yi mata bayani, ya rantse da Allah katakon na halak ne.

"Wallahi na yarda da kai," in ji ta. "Amma wanda na duba jiya ma ya rantse, kuma nasa na sata ne. Dole in gani a jikin kayan."

Na so in ji haushinta, na rasa ta inda zan fara. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ganin Baba, da furfurarsa, yana bi gida-gida yana sallama yana tambayar mata ko guntayensa sun rage. Toka ya tarar. Aka ƙi karɓar bencin, suka yi ta zama jibge a tsakar gida, Umma tana shanya a kansu. Ma'aikatansa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, shago ya kama hanyar rufewa.

Matar nan ce dai ta yi ƙoƙari aka sake ba shi kwangila, da sharaɗin hatimi ya fito a kowane benci. Na same shi a shago tsaye a kan katako, zarto a hannu, ya kasa sawa ya kasa ajiyewa.

"Baba, ka datse mana, sai ka manna guntun a ƙasa."

"Na tambaya," ya ce. "Wai haka masu katakon sata suke yi."

Ya rataye zarton, ya bar bakin yadda yake. Aka karɓi aikin, ma'aikatansa suka dawo, Umma ta kwashe shanyarta ta ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Wasu daga cikin bencin makarantarmu aka kawo. Kafin shekara ta zagayo, wata yarinya a ajina ta miƙe, sai ji muka yi ƙeee, siket ɗinta ya yage. Katakon ya tsage daga baki ya nufi tsakiya, daidai yadda Baba yake faɗa. Da aka tashi na kifa bencin. Ga hatimi nan raɗau. Na duba kusurwar da na sani tun ina ƙarama, babu tauraruwa. Na kifa na biyu, na kifa na uku, duk babu.

Ban wuce gida ba, shago na nufa. Baba yana goge wani katako da sanfefa, bai ɗago ba.

"Baba, ka manta alamarka a bencin nan."

"Ban manta ba, 'yar nan," ya ce. "Benci ne dai, amma ba nawa ba ne."