Yadda Kaka Ta Sauke Mini Kafaɗu

Ko yau in na ji ƙamshin man shanu yana narkewa a kasko, sai kafaɗuna su sauka da kansu. Bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara tara, a ƙauyenmu kusa da Bande, hadari ya tarar da ni wajen kiwo. Na fake a gindin tsamiya, sanmu na noma yana can gefe. Tsawa ta faɗo ta kashe shi a gabana. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, amma na koma gida ba baki, magana ta ɗauke mini gaba ɗaya. Kafaɗuna suka ɗage har kunne, ko kwano ya faɗi sai jikina ya ɗauki rawa. Na sha rubutu, an kai ni likita, suka ce lafiyata lau.

Bayan sati uku kakata ta wajen uwa ta zo daga Guci a amalanken jaki. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dafa wuyana kawai, ta ce wa innata, "Tsoron bai fita ba, ga shi nan a kafaɗa."

Kullum da hantsi takan shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta narka man shanu, ta murza ni tun daga tafin ƙafa har ƙeya. Takan ɗora hannuna a cikinta, mu riƙa jan numfashi tare. In rawar jiki ta taso innata za ta rungume ni, sai Kaka ta hana. "Bar ta ta karkaɗe tsoron, ta nan zai fita."

Daga baya ta ba ni ƙaramar taɓarya, muka shiga daka tare. Kaka gwanar lugude ce, takan cilla taɓarya sama, ta yi tafi biyu, ta cafe. Ran nan ta cilla, ta yi tafi uku, taɓarya ta kuɓuce ta faɗa cikin ƙwaryar tsaki, kaji suka watse. Dariya ta ƙwace mini, na ce, "Kaka, kin tsufa."

Innata ta rangaɗa guɗa. Kaka ta bi ni da mafici tana cewa ashe da bakin rashin kunya na dawo. Har ta rasu ba ta yarda cewa da gangan ta saki taɓaryar ba.

Yanzu ni ungozoma ce, injin niƙa kuma ya kashe lugude a garinmu. Da aka kai mu Damagaram ƙarin ilimi, wata likita ta yi dogon bayani kan yadda firgici ke maƙalewa a jiki, ina ta murmushi. Mata kan zo mini da abin da baki ya kasa faɗa. Ba na matsa musu da tambaya. Nakan ce, "Kin yarda in dafa ki?" In ta gyaɗa kai, sai mu fara daga nan.