Feshin Jan-baki a Fammar

A farkon dawowar mulkin farar hula ina malamin gona a Kibiya. Wata damina tsuntsayen jan-baki suka faɗa wa geron mutanen Fammar da Kahu, sai gwamnati ta turo ƙaramin jirgi mai inji ɗaya ya yi musu feshi. Aka share masa fili a bayan Rano, aka ce ni zan riƙa shiga ina nuna wa matuƙin makwancin tsuntsayen.

Matuƙin dattijo ne marar yawan magana. Ya ce mini feshin ba ya ci sai tsuntsaye sun dawo kwana gab da magariba, amma dole mu sauka da sauran haske. In injin ya tsaya da rana, yana iya lallaɓa jirgin ya ajiye shi a gona. Cikin duhu kuwa ba ya bambance gona da dutse, ga ƙasar Rano duk duwatsu.

Wata yamma hadari ya tare mana hanyar komawa, muka yi dogon zagaye. Kafin mu fito duhu ya rufe. Na leƙa ƙasa, ban ga komai ba sai ɗigon fitilu jefi-jefi, har na kasa gane ina sama ta tsaya, ina ƙasa ta fara. Filinmu ba shi da ko fitila ɗaya. Na kasa kunne ga ƙarar injin, ina ta salati a zuci.

"Malam, duba hagunka," in ji matuƙin. "Me ka gani?"

Layi biyu ne na haske, a miƙe. Ashe direban motar da ke kawo mana maganin feshi ne ya ji ƙararmu muna kewayawa, ya ruga tasha ya kwaso 'yan acaɓa, suka jeru a gefen filin suka kunna fitilun baburansu.

Jirgin ya dira da ƙarfi, ya yi tsalle, ya tsaya. Da na sauko, sai na zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa ina dariya, mutane na ta yi mana barka. Matuƙin ya bi 'yan acaɓan ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu. Nan gefen jirgin muka rama magariba, sannan wani daga cikinsu ya goya ni har ƙofar gida.