Malama Hamdiya da Kirarin Shanu

Ranar zafin bazara ya kai har kwanon rufin ajujuwa na ƙara shi kaɗai. Ina zaune bakin ƙofar lise, makarantar sakandaren da nake gadi, na ga darakta ya nufi ajin Malama Hamdiya da takarda a hannu. Na bi shi a hankali, na tsaya jikin taga.

Hamdiya ɗiyar makiyaya ce daga Azagor. Da aka kawo ta Dakoro koyar da Faransanci, ta tarar da samari da ƴan mata masu kwafe rubutun allo tsaf, amma in an ce karanta, sai kowa ya duƙar da kai. Wanda abin ya fi yi wa nauyi shi ne Rhissa, dogo, mai shekara goma sha takwas. An riga an ce ƙarshen shekara za a kore shi.

Sai ta rufe littafi. Ta ce kowa ya zo da kirarin da ake yi wa sa ko raƙumi a gidansu, wanda ba su da dabba ya shirya nasa. Ka miƙe ka faɗa da ƙarfi, ka rubuta da hannunka, na kusa da kai ya karanta. To, ɗan makiyayi ba ya yarda a ɓata kirarin san gidansu. Kan harafi guda sai a yi ta musu. Daga nan suka shiga juya kirarin zuwa Faransanci.

Darakta ya ce ta mai da aji dandali. Sau biyu yana hana ta, ba ta bari ba.

To, ran nan da ya shiga ajin, ya miƙa mata takardar, ya ce, "Madam, hadda ce kawai. Aku ma yana yi."

"Ranka ya daɗe, wannan takarda sun taɓa ganin ta?"

"A'a."

"Rhissa, taso. Karanta mana."

Yaron ya karɓa. Ya bi ta layi-layi har sa hannu, bai tsallake ko ɗaya ba. A bakinsa ajin ya ji an ɗauke malamarsu zuwa Roumbou.

Ta ce, "Ka ji akun naka, ranka ya daɗe. Ni ka kora, shi ba ka da hujja."

Ba a kori Rhissa ba. Hamdiya tana Roumbou yanzu, shekara ta uku ke nan, kuma da kirari take fara darasi.