Madara a Murfin Baƙin Mai

A wani gareji a birnin Toledo, Marisela tana kallon dattijon da ke sunkuye kan injin motarta, an ɗinka sunansa, Delbert, a ƙirjin rigarsa. Yatsansa ɗaya dungu ne, wataƙila fankar wani inji ce ta cinye tun yana saurayi. Yana kwance murfin baƙin mai, sai ga abu kamar madara.

"Gaskit ya ƙone, 'yata. Shi ke raba ruwa da mai, zafi kuma ajalinsa ne. Allurar zafin inji ta hau ja, ba ki tsaya ba?"

"Mijina nake kaiwa wankin ƙoda."

Dattijon yana laluben aljihu, sai ga makullin tsohuwar akori-kurarsa.

"Ungo, ki riƙa kai shi da ita kafin in gyara taki. Birkinta sai kin taka sau biyu."