Ya Yi Sedick

A duk unguwar Athlone, inda ake ce wa yaya Boeta, ba wanda zai ce Boeta Sedick Samsodien bai iya gudu da babur ba. Abin da bai iya ba shi ne tsayuwa. Tseren nasu kuwa duk a kan tsayuwar yake: babura biyu a kan layi, miƙaƙƙiyar hanya a gaba, a jira wuta ta nuna kore. Wanda ya motsa kafin nan, jar wuta ta kama shi, ya faɗi tseren ko da ya riga iska isa.

Shi kuwa gwanin namu, kafin kore ya ce uffan ya tashi. Ya isa ƙarshe yana ɗaga wa jama'a hannu, alƙali na can ya riga ya soke shi. Haka ya ƙarar da ƙuruciyarsa: fanel-bita a ranakun aiki, ranar Asabar kuma ya je ya riga kowa zuwa inda ba a ba shi komai.

Da abin ya tsaya a filin tsere da sauƙi. Sai sunan ya shiga gari. Yaro ya sa hannu a akushi kafin bismilla, ya yi Sedick. Mai azumi ya kurɓi ruwa ladan bai buɗe baki ba, ya yi Sedick. Amarya ta haihu wata bakwai da biki, tsofaffi su kalli juna su yi tari. Wannan ne ya fi cin ransa, mutum da jikoki a mayar da sunansa abin zolaya.

Wanda ya ƙirƙiro maganar maƙwabcinsa ne, Denzil Fortuin, abokin karawarsa tun suna samari.

"Boeta, Lahadi in za ka sayo mana fanken koesister, ka bari a soya tukuna," in ji Denzil ta kan katanga.

"Bakinka ya fi babur ɗinka gudu, Denzil."

"Amma yana jiran kore."

Da furfura ta cika masa gemu, matarsa Rugaya ta ce ya isa haka. Ya roƙi tsere ɗaya tak, da Denzil, don ya wanke sunansa. Ranar ya dafe birki kamar mai riƙe ɓarawo, gumi na zuba cikin hular kwano. Kore ya kama, ya tashi, ya ci, tsaf ba ko tabo. Ya rungumi ɗan kofin da bai fi na shayi ba, ya yi kuka a gaban jama'a.

To, sai me? Washegari a shagon unguwa ya ji wata tana cewa ɗanta, "Kar ka yi min Sedick, bari abincin ya huce." Kofin na kan talabijin, sunan na bakin mutane.

Azumi na zagayowa, ana saura kaɗan a sha ruwa, zuciyarsa ta tsaya, dabino a hannunsa. Bai kai sittin ba.

A maƙabarta Denzil ya tsaya daga gefe cikin kwat ɗinsa na coci, har aka gama rufewa. Ya matso bakin kabarin.

"Haba Boeta. Mun yi da kai tare za mu tsufa. Ka sake yin Sedick."

Ba wanda ya yi dariya.