Saɓar Gizo-gizo a Tagar Batula

A unguwarsu cikin garin Gaya, in aka ce Batula, sai a ce mai ɗinkin hula, 'yar gidan Hajja mai turaren wuta. Wasu su ƙara da cewa mai saurin fushi. Alhali ba haka ta taso ba. Ta yi aure a Gafasa ta ƙasar Ajingi, ta zauna lafiya da mijinta Muhyiddeen har Allah ya karɓi ransa, ba su samu haihuwa ba. Da ta gama takaba ta dawo gida, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya, kuma ba ta daɗe ba ta gane cewa sunanta kawai ɗakin yake amsawa. Buhun wake in ya rasa wuri, ɗakin Batula. Tsohuwar tayar adaidaita sahun ƙaninta Zulkiflu, ɗakin Batula. Baƙuwa ta zo kwana, a shimfiɗa mata a can. Ba mai tambayarta. Hajja ma, da yake Batula ce 'yar fari, ba ta kiran sunanta, sai dai "ke" ko "waccan".

Abin da ya rage mata a ɗakin shi ne bakin taga, inda take zama da zare da allura saboda haske. A nan ta haɗu da gizo-gizon. Ba irin mai saƙa yana a lungu ba ne, wanda mata suke bi da tsintsiya suna cewa yana jawo tsiya. Wannan ɗan ƙarami ne, bai kai ƙwayar wake ba, mai gashi-gashi, da manyan idanu biyu a gaba. Tsalle yake yi ya cafke ƙuda. Abin da ya kama ranta shi ne yadda yake juyowa gaba ɗaya ya dube ta duk lokacin da ta ja zare. Ta fara buge masa ƙuda da mafici tana miƙa masa a bakin allura, tana ajiye masa 'yar auduga mai lema don ya sha. Ta sa masa suna Ɗan Ido.

Karon farko da ya yi saɓa, ta ɗauka mutuwa ya yi. Ya daina cin abinci, ya saƙa wata 'yar jaka fara a kusurwar katakon taga, ya shige ya rufe. Bayan kwanaki ta ga tsohuwar fatarsa yashe kamar ƙaiƙayi, shi kuma yana gefe, ya ƙara girma. Ta bincika a waya ta ga cewa lokacin nan ne ransa yake a hannun Allah ƙwarai: jikinsa laushi yake, ba a taɓa jakar, ba a girgiza wurin, kuma hayaƙi ko bushewar iska na iya sa fatar ta manne masa.

Da damina ta yi nisa ya sake shiga jakarsa. A makon nan ne Hindatu, wata mata daga Balan, ta kawo akwati cike da kayan 'yarta amarya don a turara su. Aikin Hajja ke nan, gadon kakanninsu da suka zo daga gabas. Garwashi a kasko, a zuba turare, a kifa kabbasa, wato kwandon da ake shanya tufafi a kai, sannan a rufe ƙofa a toshe kowace kafa, hayaƙi ya yini yana shiga zare. Ɗakin Hajja kuwa yana yoyo.

"Ke, gobe ki kwashe hulunanki, a ɗakinki zan turara kayan nan," in ji Hajja, tana tankaɗen garin sandal.

"Ba zai yiwu ba, Hajja. Ɗan Ido yana saɓa."

"Wa?"

Zulkiflu, da ke cin ɗumame a kan turmi, ya kusa ƙwarewa. "Angon Yaya ne, Hajja. Yana canza riga, ba ya son a leƙa."

"Kai, rufe mini baki." Batula ta juyo wurin mahaifiyarta. "A jira 'yan kwanaki ya fito, ni da kaina zan hura miki garwashin. Ko a yi a ɗakin Zulkiflu."

"Ɗakin da ke warin fetur? Kayan amarya fa. Mata ta taso tun daga Balan ta ba ni amana, in ce mata ta jira ƙwaro ya gama kwanciya?"

"Ki ce mata ɗakin da mai shi."

Hajja ta ajiye rariya ta dube ta. "Ikon Allah. Ki ɗauke shi mana ki sa a gwangwani."

"In aka taɓa jakar mutuwa zai yi. Na faɗa miki, Hajja. Tunda na dawo gidan nan me na taɓa hanawa? Wake na ce a fitar? Taya na ce a fitar? Wannan ɗaya nake roƙo."

Washegari Batula ta zauna a bakin ƙofarta da ɗinki a cinya, ko wanka ba ta shiga ba sai da ta ga Hajja ta fita barka. Da haka za ta ci gaba, sai kwana na biyu da sassafe aka bugo waya daga Gafasa cewa uwar marigayi mijinta tana kwance, tana ta kiran sunanta. Wannan tsohuwa ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, ba tafiyar da za a ɗaga ba ce. Kafin ta fita ta jiƙa audugar, ta zo ta durƙusa gaban Hajja.

"Don Allah, Hajja, ki bari in dawo."

"To, na ji."

Ta san "na ji" ɗin Hajja. Duk hanya, a bayan babur, ana kauce wa kududdufai tsakanin gonakin gero, hankalinta yana kan tagar ɗakinta. Ta duba marar lafiya, ta ba ta kunu da hannunta, ta yi azahar, ta ƙi zama cin abinci.

Tun daga bakin lungunsu ta jiyo ƙamshin. Ƙamshi mai kyau, irin wanda ya sa ake zuwa wurin Hajja daga nesa. Ƙofarta a rufe, an toshe ƙasanta da tsumma. Ta banka ta shiga, hayaƙi ya buge ta har sai da ta yi tari. Ta ture kabbasar, atamfofi da leshi suka zube, ta ɗauki kaskon da gefen zanenta ta fito ta kife shi a tsakar gida. Garwashin ya faɗa cikin ruwan sama yana cuwa.

"Kanki ɗaya kuwa?" in ji Hajja, ta miƙe tsaye. "Kayan mutane ne a ƙasa."

"Kin ce kin ji."

"Na ji mana. Na sa Zulkiflu ya rufa masa ƙyalle."

Batula ta koma da gudu. Gaskiya ne, an cusa tsumma a duk ramukan taga, an kuma manna wani a kan kusurwar da jakar take. Ta zare shi a hankali. Jakar ta yage ta gefe ɗaya. Ɗan Ido yana ciki, fari fat, rabin jikinsa ya fita daga tsohuwar fata, rabi ya maƙale.

Zulkiflu ya leƙo ta ƙofa. "Yaya, wallahi taimako na yi. Na ce kar hayaƙi ya same shi."

"Ka danne shi da tsumman goge inji, shi ne taimako? Fita."

Ta buɗe taga a hankali, ta jiƙa sabuwar auduga ta matso da ita kusa da jakar ba tare da ta taɓa ba. Abin da za ta iya ke nan. Ta tsaya a wurin, tana kallonsa yana ja, ya huta, ya sake ja. A tsakar gida Hajja tana kakkaɓe leshi tana faɗa wa maƙwabciya ta kan katanga cewa ta haifi 'yar da ta fi son ƙwaro da uwarta. Batula tana ji. Ba a taɓa ganin ta ɗaga wa Hajja murya ba, kuma ba ta so a fara yau, don haka ba ta bar bakin tagar ba.

Wajen la'asar sakaliya ya fito. Ƙafarsa ta gaba ta dama ta tsaya a cikin tsohuwar fatar, wata kuma ta fito a lanƙwashe.

Hajja ta shigo ɗaukar kabbasa, ta sunkuya ta duba. "To, ai ga shi nan da ransa. Duk wannan tashin hankali a kan me?"

Batula ta ɗauki kabbasar ta miƙa mata. Da gari ya waye ta je bakin kasuwa ta zo da kafinta, ya kafa mata ƙarfen kwaɗo a ƙofa. Ta jawo buhun wake da tayar Zulkiflu ta jingine su a rumfa.

"Kulle ɗaki za ki yi a gidan uwarki?" in ji Hajja.

"Eh, Hajja."

Sun yi kwanaki daga gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Da jikin Ɗan Ido ya yi ƙwari, ta miƙa masa ƙuda a bakin allura kamar da. Ya juyo ya auna, ya yi tsalle, ya wuce ta gefe ya faɗo kan hular da take ɗinkawa. Ya hau ya sake, ya sake kuskurewa. Batula ta yi tsaki, ta murƙushe ƙudan da farce, ta kai masa har bakinsa ta riƙe allurar cik har ya kama.