Hajiya Hinda Mai Man Turare ta Dogo-Dogo

Haihuwa da tasowa

An haifi Hajiya Hinda a shekarar 1916 a garin Guci, cikin ƙasar Dungas ta Damagaram. Mahaifinta, Malam Jibo, manomi ne mai ɗan garken shanu, mahaifiyarta kuwa, Mero, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta yi karatun allo a zauren kawunta har ta haddace ƙananan surori, kuma waɗanda suka san ta a ƙuruciya sun shaida cewa yarinya ce mai yawan shiru, wadda idan aka aike ta rijiya sai a tarar da ita tsaye da tulu a ka, tana kallon gabas kamar mai jiran wani.

Aure da tafiyar gabas

A shekarar 1934 aka ɗaura mata aure da Wakili, mutumin Dogo-Dogo, suka haifi ɗansu Ɗan Azumi. A 1939 suka bi ayarin maniyyata a ƙafa, ta hanyar birnin Fallomi, har suka yada zango a ƙasar Sudan, inda suka zauna suna aikin auduga domin tara guzuri. A can ta haifi 'yarta Kadi, a can kuma Allah ya yi wa Wakili rasuwa a 1945, bai kai ga ganin Ka'aba ba.

Bayan ta fita takaba ta kama aiki a gidan wata tsohuwa 'yar asalin Barno mai suna Maimuna, wadda ke tatsar mai daga ganyen icen turare, wanda mutanen Kano ke kira zaiti. Itatuwan suna jere a bakin magudanan ruwa, farare, dogaye, ɓawonsu na saɓulewa da kansa. A hannun wannan tsohuwa Hinda ta koyi cika tukunyar ƙarfe da ganye da ruwa, a liƙe murfin da laka, a bi da tururin ta cikin tiyo mai ratsa randar ruwan sanyi, har man ya riƙa ɗigowa yana taruwa a saman ruwa, a kwashe shi da gashin kaza.

Ta sauke farali a 1952. A 1957 ta yanke shawarar komawa gida tare da Ɗan Azumi, amma Kadi ta riga ta yi aure a garin Wad Madani na Sudan, don haka aka bar ta. Abin da Hajiya ta taho da shi shi ne tukunyar, da irin icen ƙulle a bakin mayafinta.

Zaman Dogo-Dogo da sana'a

Da isowarta ta auri Malam Muttaƙa, limamin unguwa, ta haifa masa Nafi. Maigari ya ba ta fili a gefen fadama, kusa da babbar rijiyar gari, ta shuka irin tana shayar da shi da kanta. Kafin shekarar 1970 wurin ya zama ƙaramin kurmi da ake hangowa tun daga hanyar Magariya.

Mai mura ko toshewar hanci takan ɗiga masa man a ruwan zafi, ya lulluɓa da zane ya shaƙa. Mai ciwon baya bayan noma, ko targaɗe, ko cizon ƙwaro, takan gauraya masa da man shanu ya shafa. Makiyaya sukan zo nema saboda raunin ƙaya da kaushin ƙafa. Ba ta taɓa yarda a sha shi ba, ba ta kuma bari a kusantar da shi ga jinjiri, kuma duk ciwon da ta ga ya fi ƙarfinta takan ce a ɗora mai shi a kan jaki a nufi likita a Magariya.

Al'adarta ce bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar itatuwan ta rufe ido. Nafi ta ruwaito cewa ta taɓa tambayarta ko barci take yi, sai ta amsa: "Ba barci ba ne, 'yar nan. Idan iska ta kaɗa ganyen nan, sai in ji ni a bakin magudana, yayarki tana wanki tana yi mini hira. Ki bar ni in ƙarasa jin labarin."

Shekarar fari

A 1973, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, dabbobi suka yi ta mutuwa, rijiyar gari ta ja baya har guga na ɗebo laka. Jama'a suka fara cewa saiwoyin itatuwan Hajiya ne ke shanye ruwan. Dattawa suka taru, Maigari da kansa ya zo ƙofar gidanta, ya ce: "Hajiya, babu gidan da bai ci amfanin manki ba, kuma ba mu da tabbacin laifin itatuwan ne. Amma yara na kwana da ƙishirwa."

Hajiya ta ce: "Ranka ya daɗe, ko da zato ne, ruwa ya fi mai. Alfarma ɗaya nake roƙo, kada baƙon hannu ya taɓa su. Ɗana zai sare."

Ɗan Azumi ya sare su kaf, ita kuwa tana tsaye tana tattara ganyen. Ta kwashe makonni tana dafawa, kuma man da ta samu shi ta yi ta rabawa kyauta ga makiyayan da yunwa ta koro daga arewa, waɗanda tari da raunukan tafiya suka galabaitar. Rijiyar ba ta dawo ba sai da damina ta kankama a shekara ta gaba, saboda haka har yau ba a san gaskiyar al'amarin ba, ita ma ba a taɓa jin ta tayar da maganar ba. Ta ci gaba da kai tabarmarta cikin kututturan, cikin rana, ba inuwa ba ƙamshi.

A daminar 1975 kututturan suka yi toho, ganye mai laushi, launin toka-toka. Ƙarfinta ya riga ya ragu, sai ta damƙa tukunyar a hannun Nafi, ta koma bakin murhu tana gyara mata da baki.

Rasuwa

Allah ya yi wa Hajiya Hinda rasuwa ranar wata Alhamis cikin kakar 1978, tana da shekara sittin da biyu, bayan gajeruwar jinya. Malam Muttaƙa ya sallace ta, aka yi mata sutura a maƙabartar Dogo-Dogo, tare da halartar jama'a daga Guci, Dungas da rugage na kewaye. Ta bar 'ya'ya uku: Ɗan Azumi, manomi a Dogo-Dogo, Nafi, wadda ta gaji sana'ar, da Kadi ta Wad Madani, wadda labarin bai riske ta ba sai bayan shekara guda, ta bakin wani direban babbar mota. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta.